Litiyam: Ƙarfen da Almakashin Tela Zai Iya Yankawa

Duk wayar da aka miƙa wa mai caji a kasuwar Acida ko ta Goronyo, akwai litiyam a cikinta. Yana cikin fawa-bank, yana cikin fitilu masu caji da yawa, yana kuma cikin sababbin baturan sola da masu hali ke maye gurbin na dalma da su. Ta wani gefen kuma sunan ya shiga bakin matasa, saboda labarin masu tafiya haƙar "dutsen litiyam" a Nasarawa da Kaduna da kudancin Kebbi. Duk da haka, in aka cire wanda ya yi zurfi a karatun kimiyyar sinadarai, da wuya ka sami mutumin Wurno ko Rabah ko Goronyo da ya taɓa ganin ƙarfen nan da idonsa. Ba laifin kowa ba ne. Ba a tsintar tsagwaronsa a ko'ina a doron ƙasa, sai dai a fitar da shi a masana'anta, kuma da an fitar da shi sai a yi maza a ɓoye shi daga iska.

Abubuwa uku ne ke amsa suna ɗaya, shi ya sa magana kan rikice: akwai ƙarfen, akwai dutsen da ake samun sa a ciki, akwai kuma batirin. Almakashi kawai ya isa ya raba gardama. Ƙarfen zai yanku ba wuya. Dutsen shi zai cinye bakin almakashin. Batirin ma zai yanku, kuma a nan matsalar take.

Ƙarfen kansa

Litiyam shi ne na uku a jadawalin sinadarai, bayan iskar haidirojin da ta hiliyam. Babu ƙarfen da ya kai shi rashin nauyi. Mu auna da jarka mai cin lita 25. In aka cika ta da ruwa, nauyinta kilo 25 ne. Da alminiyam ne zai yi wajen kilo 67, baƙin ƙarfe ya kusa 197, dalma kuwa ta haura 280. Litiyam mai wannan girma kilo 13 ne da ɗoriya. Kananzir ma ya fi shi nauyi, fetur ya fi shi. Wato da za a jefa dunƙulensa a madatsar ruwa ta Goronyo ba zai nutse ba, sai dai ba zai daɗe yana yawo a saman ruwan ba, don ruwan zai cinye shi yana tafarfasa.

Launinsa fari ne mai sheƙi irin na azurfa, amma ganin wannan sheƙi sai wanda ya tsaya kusa lokacin da aka yanka shi. Kafin a jima wurin da aka yanka ya dusashe, ya koma toka-toka, daga nan ya yi baƙi, in ya kwana biyu a sarari ya rikiɗe ya zama farin gari. Danshin iska na cin sa, iskar oksijin na cin sa, kuma yana da wani hali da 'yan'uwansa irin su sodiyam ba su da shi: yana haɗuwa da naitirojin ko ba a ɗumama shi ba. Naitirojin kuwa ita ce kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa, iskar da yawancin ƙarafa ba ruwansu da ita.

Ajiyarsa ma aiki ne. Sodiyam akan nutsar da shi cikin kananzir a rufe kwalba, shi ke nan. Litiyam in aka yi masa haka sai ya taso sama, ƙeyarsa a waje tana shan iska. Don haka ake lulluɓe shi da basilin, ko a danne shi cikin mai, ko a rufe shi a gwangwanin da aka cika da iskar argon, wadda ba ta haɗuwa da komai. Ko busasshen hunturun Sakkwato, wanda ke tsaga leɓe da dunduniya, danshi ne a wurinsa. Ɗakunan da ake sarrafa shi a masana'antu akan tsotse danshinsu har ya koma kashi ɗaya cikin ɗari ko ƙasa da haka.

Idan ya taɓa ruwa, abu biyu ke fitowa: iskar haidirojin, wadda ke kama wuta, da wani ruwa mai cin fata, dangin sodar da ake haɗa sabulu da ita. Gumin tafin hannu ya ishe shi, shi ya sa ba a ɗaukar sa da hannu tsirara. In ya kama wuta, ruwa ƙara masa ƙarfi yake yi, tukunyar kashe gobara irin ta mota ba ta yi masa komai, sai wata hoda ta musamman. Gishirinsa kuwa in aka barbaɗa a harshen wuta sai ya yi ja wur, kuma da wannan ja ne ake gane shi a ɗakin gwaji, akan kuma yi amfani da shi wani lokaci wajen samun jan launi a wasan tartsatsin wuta na bukukuwa.

Sai batun taushi. Litiyam na narkewa a digiri 180 da rabi a ma'aunin Selshiyos. Dalma sai ta kai 327, alminiyam da masu zubin tukwane ke narkarwa sai 660, baƙin ƙarfe kuwa sai 1,538. Dalilin yana cikin ginin ƙwayoyin zarrarsa. Abin da ke riƙe kowane ƙarfe shi ne ilektiron da ƙwayoyin ke sakewa su zama na tarayya a tsakaninsu. Kowace ƙwayar litiyam ɗaya tak take bayarwa, don haka riƙon ba shi da ƙarfi, kuma layukan ƙwayoyin na zamewa kan juna da an ɗan matsa musu.

Wanda ya taɓa zama a maƙera zai fi saurin gane wannan. Maƙeri ba ya saran ƙarfe da sanyinsa. Sai ya sa shi a wuta, a yi ta zuga, har ya yi jawur, sannan ya kama shi da awartaki ya ɗora kan uwar maƙera, a lokacin ne masaba ke juya shi yadda aka so. Masana na lissafin zafi daga matuƙar sanyi, wato digiri 273 ƙasa da sifili. A wannan lissafi, baƙin ƙarfen da ya yi ja a wajen digiri 900 ya ci kashi biyu cikin uku na tafiyarsa zuwa narkewa. Litiyam kuwa a inuwar ɗaki, ba wuta ba gawayi, ya riga ya ci wannan kashi biyu cikin ukun. Kullum a gashe yake, ko da hannu zai ji shi da sanyi.

A 1817 wani matashin masani ɗan Suwidin, Johan August Arfwedson, ya gano shi a cikin wani dutse da ake kira fetalait, yana aiki a ɗakin gwajin malaminsa Berzelius. Bai iya fitar da ƙarfen ba. Sai a 1855 Robert Bunsen da Augustus Matthiessen suka samar da mai ɗan yawa da za a iya aunawa a gwada, ta hanyar ratsa narkakken gishirinsa da wutar lantarki. Har yau hanyar ke nan, a zafin da ya kai wajen digiri 450.

Yadda almakashi ke yanka

Mutane da yawa na ɗauka almakashi wuƙaƙe biyu ne da aka haɗa da ƙusa. Aikinsu ya bambanta. Wuƙa ko askar wanzami kutsawa take yi, siririn bakinta ya shiga ya raba abu biyu. Bakin almakashi bai kai na aska siranta ba ko kusa. In ka duba za ka ga kusan a tsaye aka wasa shi. Abin da yake yi shi ne baki ɗaya ya tura yadi sama, ɗayan ya tura shi ƙasa, a kan layi guda, har zaren ya kasa jurewa ya rabu.

Sirrin yana cikin wurin haɗuwar. Almakashi mai kyau bakunansa ba miƙaƙƙu ba ne sak, an ɗan tanƙwara su zuwa ga juna. Ɗaga shi ka duba a haske yana rufe, za ka ga 'yar tazara a tsakiya. Saboda wannan tanƙwara, a wuri ɗaya tak bakunan ke gugar juna, wurin kuma yana tafiya daga gindi zuwa tsini yayin da ake rufewa. Duk ƙarfin hannun tela a wannan ɗigo yake taruwa. Da ƙusar ta yi sako-sako, gugar ta tafi, sai yadi ya lanƙwashe ya shige tsakanin bakunan, tela ya yi ta zargin kaifi alhali ɗaurin ƙusa ne ya kwance. Wannan ne ma ya sa bahago ke shan wahala da almakashin dama: yadda yatsun hannun dama ke matsawa yana haɗa bakunan, na hagu kuwa buɗa su yake yi.

Sai tsawon mariƙi. Abin da ke kusa da ƙusa ya fi samun ƙarfi, shi ya sa baduku kan tura fata mai kauri can gindin almakashi. Mai aikin kwano da gwangwani nasa almakashin dogon mariƙi gare shi da gajeren baki, don ƙarfi yake nema. Na tela dogon baki ne, don shi tsawon yanka da miƙewar layi yake so. Af, kuma telan da ke faɗa in yaro ya yanka takarda da almakashinsa yana da gaskiya. Ana zuba garin farar ƙasa da na alli a cikin takarda lokacin yin ta, kuma wannan gari na dakusar da baki a hankali.

Kafin abu ya yanku, dole bakin ya fi shi tauri. A 1812 wani Bajamushe mai nazarin duwatsu, Friedrich Mohs, ya tsara ma'auni daga 1 zuwa 10 bisa wane ke karce wane. Lu'ulu'un daimon ne na 10. Ƙanƙarar dutsen da ke cikin yashi tana 7. Ƙarfen wuƙa da almakashi yana tsakanin 5 da rabi zuwa 6. Jan ƙarfe 3, farcen mutum 2 da rabi, dalma 1 da rabi. Litiyam bai ma kai 1 ba, akan ba shi 0.6.

Don haka a ɗakunan gwaji da almakashi ake yanka shi, ba wasa ba. Ana sayar da shi a matsayin waya mai ɗan kauri ko falle mai kama da kintinkiri, mai bincike ya sa hannuwansa cikin safar roba da ke manne da wani akwatin gilashi mai cike da argon, ya datse abin da yake bukata. Amma kada a zuzuta taushin. Cikin danginsa shi ne mafi tauri. Sodiyam da fotashiyam sun fi shi laushi, kuma sanda mai kauri ta litiyam sai an danna wuƙa da gaske. Wahalarsa ta fi yawa a wajen danƙo. Yana manne wa ƙarfe, ya shafe bakin almakashi, gefen yankan ya fito a tauye maimakon ya fita tas. Masana'antun da ke son fallaye masu tsabtar gefe sukan shafa wa bakin wuƙa mai, ko su yi amfani da wuƙar roba mai tauri, wasu kuma su yanka da hasken leza.

Dutsen

Dutsen da aka fi nema sunansa sifodumin, fari ko toka-toka ko mai ɗan kore-kore. Taurinsa 6 da rabi zuwa 7 ne, wato ya fi almakashi, shi zai karce ƙarfen. Ko mafi tsabtarsa, litiyam ɗin da ke ciki bai kai kashi huɗu cikin ɗari na nauyinsa ba, sauran duk alminiyam ne da silikon da oksijin a ɗaure. Akwai kuma lefidolait, mai launin shunayya ko ruwan hoda, wanda ke ɓarewa falle-falle yana ƙyalli. Shi yana da taushi, siririn fallensa ma almakashi zai datse shi, amma wannan ba ya nufin ƙarfen ne. Babu wutar maƙera ko ta masu zubin tukwane da za ta fitar da litiyam daga ɗayansu. Sifodumin sai an gasa shi a zafin da ya haura digiri 1,000, a jiƙa shi da asid, a tace, kafin a sami farin garin da masu yin batir ke saye. Mafi yawan wannan aiki a Sin ake yin sa, duk da cewa Ostireliya ce kan gaba wajen haƙar dutsen, Chile kuma daga ruwan gishirin hamadar Atacama take samun nata.

Ko akwai shi a ƙasar Rima? Tarihin ƙasar ne zai ba da amsa. Duwatsun litiyam na Najeriya jijiyoyi ne da suka daskare daga narkakken dutse a can ƙarƙashin ƙasa, kimanin shekaru miliyan 500 da suka wuce, kuma ana samun su inda tsohon dutsen gindi ya fito fili: Nasarawa, Kaduna, Kwara, Kogi, Ekiti, Oyo, da yankin Ngaski a Kebbi. Ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo ba irin wannan ba ce. Shimfiɗar yashi da laka ce da ta taru hawa-hawa a lokacin da teku ya shigo yankin. Masana ƙasa ma da sunayen garuruwanmu suke kiran waɗannan hawa: akwai shimfiɗar Taloka, da ta Dukamaje, da ta Wurno. A cikinsu aka tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku mai kama da kada, wadda ta rayu sama da shekaru miliyan 66 da suka wuce, kuma a 1972 masana daga Italiya suka raɗa mata suna Goronyosaurus, don a gundumar Goronyo aka same ta. Arzikin irin wannan ƙasa shi ne jifsam da fosfat da yumɓu, da farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Kalambaina. Saboda haka in wani ya zo da farin dutse mai ƙyalli daga tudun bayan gari ya ce litiyam ne a kawo kuɗi a haɗa jari, a tuna kama da wane ba ta wane. Jifsam ma fari ne mai ƙyalli, kuma farce na karce shi.

Masu niyyar tafiya haƙa can kudu su ma akwai abin da ya kamata su ji. Farashin garin litiyam a kasuwar duniya ya kai ƙololuwa a ƙarshen 2022, daga nan ya rikito, har zuwa 2024 ya zubar da fiye da kashi 80 cikin ɗari. Labarin kuɗin da ake bayarwa a majalisa sau da yawa na wancan lokacin ne. A watan Mayun 2024 an buɗe masana'antar kamfanin Avatar a jihar Nasarawa, wadda aka ce za ta iya sarrafa tan 4,000 na dutse a rana, amma aikin irin waɗannan masana'antu niƙa ne da tacewa, ba yin batir ba. Can ƙasan tsanin kuwa ramuka ne da ake haƙa da diga, ba tokari, suna ruftawa. A watan Disambar 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya ba da rahoton ƙananan yara da ke tsintar dutsen a ƙauyen Pasali na Nasarawa maimakon zuwa makaranta. Ƙurar dutsen tana ɗauke da silika mai lalata huhu sannu a hankali. Mu da muke maƙwabtaka da Zamfara ba ma bukatar dogon bayani kan niƙa dutsen ma'adini a tsakar gida: a 2010 gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum.

Kafin mu wuce, litiyam na shigo mana ta wasu ƙofofi da ba a lura da su. Yawancin giris ɗin da bakanike ke cusa wa boris da sabulun litiyam ake yin sa, don yana jure zafi da ruwa. Gishirinsa kuma magani ne na wata lalurar ƙwaƙwalwa mai sa mutum hawa da sauka tsakanin zumuɗi da baƙin ciki, tun bayan binciken likita John Cade na Ostireliya a 1949. Magani ne da sai likitan ƙwaƙwalwa, irin na asibitin Kware, ke rubutawa yana bin sa da gwajin jini, domin tazarar da ke tsakanin warkarwarsa da gubarsa ƙanƙanuwa ce.

Batirin

Abin mamaki, batirin waya babu ƙarfen litiyam a cikinsa. An gwada sa shi, aka ji jiki. A shekarun 1980 wani kamfanin Kanada mai suna Moli Energy ya yi batir mai caji da tsagwaron ƙarfen. Duk cajin da aka yi sai ƙarfen ya riƙa tsirar da wasu siraran ƙayoyi a ciki, har su huda shingen da ke raba ɓangarorin batirin. A 1989 wata waya ta kama wuta a Japan ta ƙona mai ita, aka janye kayan daga kasuwa. Mafitar da aka samu ita ce a bar litiyam ya riƙa kai da kawo ƙwaya-ƙwaya tsakanin masauki biyu ba tare da ya taɓa dunƙulewa ya zama ƙarfe ba. Kamfanin Sony ya fara sayar da irin wannan a 1991, kuma a 2019 aka ba John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino kyautar Nobel saboda shi.

Cikinsa fallaye ne a naɗe. Akwai fallen jan ƙarfe da aka shafe da girafait, baƙin abin nan na cikin fensir. Akwai fallen alminiyam da aka shafe da garin sinadarin litiyam. Tsakaninsu akwai wata leda da ba ta kai kaurin gashin kai ba, wajen kashi biyu cikin ɗari na milimita. Duka an jiƙa su da wani ruwa mai saurin kama wuta. Babu ɗaya cikin waɗannan da zai gagari almakashi, musamman batirin wayoyin yanzu da jakarsa ma ta leda ce da alminiyam.

To, almakashi ƙarfe ne, lantarki na bin sa. Da bakinsa ya ratsa fallayen, ya haɗa ɓangare mai alamar + da mai alamar − kai tsaye. Wutar da aka tanada don ta yi wa waya aikin yini guda sai ta nemi fita cikin 'yan daƙiƙoƙi ta wannan ɗigo. Wurin ya yi zafi, ledar da ke kewaye ta narke, haɗuwar ta ƙaru, zafin ya ƙaru. Daga wani mataki abin ba ya tsayuwa, zafin na iya haura digiri 500, kuma garin da ke kan fallen alminiyam yana sakin oksijin nasa, don haka rufe shi da bargo ba ya kashe shi. Hayaƙin na ɗauke da guba mai ƙona ido da huhu. Ba sai almakashi ba: ƙusa, allura, tsinin sukundireba, haƙorin yaro, duk aikinsu ɗaya. Kamfanin Samsung da duk injiniyoyinsa ya janye wayoyin Galaxy Note 7 kimanin miliyan biyu da rabi a 2016, kuma binciken da ya fitar ya nuna 'yar lanƙwasa ce a kusurwar wasu baturan, wasu kuma ɗan tsinin walda ne ya huda ledar.

Daga nan sauran hukunce-hukuncen ke fitowa da kansu. Batirin da ya kumbura iska ce ta taru a ciki saboda ruwansa ya fara lalacewa; masu huda shi da allura don ya sace su mayar da shi cikin waya suna wasa da fuskarsu ne. Mai gyaran waya da zai ɓanɓare batirin da aka manne da gam ya bari cajinsa ya sauka sosai tukuna, ya yi amfani da abin roba, kada ya lanƙwasa shi. Mai haɗa sola ko gyaran fitila kada ya datse wayoyi biyu na batir a tashi ɗaya. Ya yanke ɗaya, ya naɗe bakinta da salatif, sannan ya taɓa ɗayar.

Zafin ƙasarmu ma abin lissafi ne. Masu yin waɗannan batura sukan ƙayyade caji tsakanin digiri 0 da 45. A bazarar Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu, inuwa kanta tana haura 40, balle rumfar kwano da aka jera wayoyi hamsin a kan tebur ɗaya, ko aljihun babur da ke tsaye a rana a bakin fadama. Zafi na tsufar da batir tun kafin ya kai ga haɗari, shi ya sa wayar da ta yi bazara biyu a nan take zubar da caji. A yi caji a inuwa mai iska, a kan siminti ko ƙasa, ba kan katifa ko ƙarƙashin matashi ba. Mai sayen batirin sola ya nemi wanda aka rubuta LiFePO4 a jikinsa, ya fi sauran jure zafi kuma ya fi wuyar kamawa da wuta.

In waya ko fawa-bank ta fara hayaƙi, a nan mutane ke rikicewa, don sun ji an ce litiyam ba ya shiri da ruwa. Wancan ƙarfen ne. Batirin waya ruwa ne maganinsa, mai yawa, don sanyaya shi ake so a yi. A fara cire shi daga soket ko a kashe wutar, a fitar da yara, a kauce wa hayaƙin, a yi ta kwara ruwa, sannan a bar shi a fili nesa da kaya har ya kwana, domin yakan sake tashi bayan an ɗauka ya mutu. Babban batirin sola in ya kama, ba aikin bokiti ba ne. A fitar da mutane a kira 'yan kwana-kwana.

Inda ƙarfen yake da gaske a gidajenmu shi ne cikin baturan da ba a yi musu caji, musamman faffaɗan nan mai kama da kwabo da ake sa wa makullin mota mai rimot, da na'urar gwajin suga, da sikelin zamani. Wanda aka rubuta wa CR2032, faɗinsa milimita 20 ne, kaurinsa 3.2, ƙarfinsa bolt 3, kuma akwai ɗan fallen litiyam a ciki. Ba a fasa shi, ba a jefa shi a wuta, ba a gwada yi masa caji. Amma babban haɗarinsa ga yara ne, kuma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. In yaro ya haɗiye shi ya maƙale a hanyar abinci, lantarkinsa na mayar da danshin wurin ya zama soda mai cin nama, kuma cikin awa biyu yana iya yin mummunar ƙuna, ko da batirin ya riga ya daina tayar da na'ura. Alamun na iya zama dalalar miyau, ƙin abinci, tari ko amai, wani lokaci ma ba alamar komai. Kada a sa yaron amai, kada a tura masa tuwo wai ya wuce da shi, kada a jira gari ya waye. A nufi asibitin da ke da hoton ƙirji da na'urar ciro shi, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Likitocin guba na Amurka sun ba da shawarar cewa yaron da ya wuce shekara ɗaya, in yana iya haɗiya kuma abin bai wuce awa 12 ba, a riƙa ba shi zuma ƙaramin cokali biyu duk minti goma, har sau shida, a kan hanya. Zumar rage ɓarna take yi kafin a isa, ba ta fitar da batirin. Jaririn da bai shekara ba kuwa ba a ba shi zuma. Ƙananan baturan carbin yatsa da na kayan wasa yawancinsu ba na litiyam ba ne, amma su ma asibiti ake zuwa.

Mataccen batir kuma kada ya bi shara zuwa bola, inda ake cinna wuta da yamma yara na kewaye, kada kuma ya faɗa masai ko rijiya ko ruwan fadama. A manne bakinsa da salatif, a sa shi cikin tukunyar ƙasa ko gwangwani mai yashi, a ajiye a inuwa nesa da ɗakin kwana da rumbu, har a sami mai gyaran waya ko dillalin sola da ke karɓa. 'Yan gwangwan da ke saye su ware shi daban, kada ya shiga buhu ɗaya da ƙusoshi da guntayen kwano, kuma kada yaran shago su sa masa guduma don neman jan ƙarfen ciki, wanda a batirin waya 'yan giram ne kawai.